Fitilun Landan da Idon Yaya Isiyaku

Tun da na dawo daga Landan ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a wajen ta'aziyya ma sai wata ta matso ta raɗa min, "Hajiya Rabi, wai da gaske rana ba ta fitowa a can?" Ƙawayena da muka yi koyarwa tare kuwa, hotunan fitilun nan da na tura musu ne suka tsaya musu a rai. To na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Da farko dai ku sani ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Aike na aka yi. Mu uku muka rage a ɗakinmu: Alhaji Garba babbanmu, wanda ke riƙe da gidanmu na Tudun Wadan Zariya, sai Yaya Isiyaku, sai ni auta. Yaya Isiyaku ya tafi Ingila karatu ina 'yar budurwa, shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Tallafin da ake ba shi ya yanke karatu bai ƙare ba, ya kama tuƙin bas, ya yi aure, ya zauna. Da yakan zo gida jefi-jefi, amma tun rasuwar Inna bai sake takowa ba. Bara sai muka ji ƙishin-ƙishin ido na ba shi wahala. In an tambaye shi a waya sai ya ce tsufa ne kawai, ya canza tabarau. Rannan Alhaji Garba ya aika aka kira ni, ya ce, "Rabi, ke ce mai Turanci, kuma ke yake jin maganarki. Ki je ki taho min da ɗan'uwana. Mutum ba ya ƙare tsufansa a ƙasar wasu."

'Yar Yaya Isiyaku, mai sunan Inna, da muke kira Ummi, ita ta yi ɗawainiyar biza da tikiti. Ni dai nawa haɗa kaya. Na sa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, da turaren wuta na matar Yaya. Sai kilishi, wanda shi kaɗai ne abin da Yaya ya roƙa da bakinsa.

Mun bar Zariya da sassafe don mu kama jirgi a Kano. Muna dab da Kwanar Dangora taya ta fashe, safayar ma da direba ya fito da ita babu iska. Na zauna a kan benci a gefen titi, jakar fasfo rungume a ƙirji, ina kallon mai faci yana aikinsa a tsanake kamar wanda aka ce masa jirgin nasa ne. Da na ce ya taimaka ya yi sauri, sai ya ce, "Hajiya, in Allah ya rubuta za ki Ingila, ko a jaki ne sai kin je." Haka kuwa aka yi, ni ce kusan ta ƙarshe da ta shiga.

A jirgi na faɗa kusa da wata Hajiya Bakanuwa, masu gida ne a Landan, zuwa can a wajenta kamar zuwa Kaduna ne a wajenmu. Ta dubi ƙafata ta ga takalmi buɗaɗɗe, ta ce, "Hajiya, da wannan za ki shiga Landan a watan Janairu?" Ta buɗe jakarta ta ciro safa mai kauri ta ba ni. Na karɓa don kar in gwale ta, ina cewa a raina ai mu ma mun san sanyi a Zariya. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ban san sanyi ba.

A wajen duba fasfo na fara jin kunya. Na koyar da Turanci har na yi ritaya, amma da saurayin nan ya buɗe baki ban kama ko kalma ɗaya ba, kamar yana magana da ruwan zafi a baki. Sai da ya maimaita a hankali na gane tambaya yake wajen wa na zo. Na wuce nan lafiya. Ina tura kayana sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya shinshina jakata, ya zauna a gabanta ya ƙi tashi. Aka buɗe. Ma'aikaciyar ta fara cin karo da daddawa, ta kwance ledar ta kai hanci, ta ja da baya da sauri. Na ce mata ta miya ce. Ta dube ni da tausayi ta mayar min. Kilishin ne ta ce ba ya shiga, dokarsu ta hana shigo da nama. Na yi roƙo, na ce na ɗan'uwana ne mara lafiya. Ta ba ni haƙuri da ladabi ƙwarai, ta jefa shi a wani babban kwandon shara ina ji ina gani.

Da na fito wajen masu tarba na hango shi tun daga nesa. Ya rame, gemun ya yi fari, amma tsayuwar tana nan, irin ta Baba, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ummi na gefensa. Na nufe shi ina murmushi har na zo gabansa, shi kuwa idonsa na can bayana yana neman wata. Na tsaya kamar taku biyu tsakaninmu. Bai san ni ce ba.

Na ce, "Yaya."

Sai ya juyo wajen muryar, ya miƙo hannu ya kama gefen mayafina. "Auta. Kin iso?"

Na dubi Ummi, ta sunkuyar da kai. A cikin jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa tube ta yi min bayani, ni ina tambaya da Hausa tana amsawa da Turanci, haka yaran can suke, suna ji sarai amma bakinsu ba ya juyawa. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, shi ma sai haske ya yi ƙarfi kuma abu na kusa. Yaya na jin mu, sai can ya ce, "Ina kilishina?" Da na ba shi labarin karen ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Karen Ingila ma ya san abu mai kyau."

Gidansu flat ne na council, wato na hayar hukuma, a unguwar Whitechapel, can sama a wani dogon bene. Duka gidan bai kai tsakar gidanmu ba. Ni aka ba ɗakin Ummi, ita ta koma kujerar falo. Amma unguwar ta ba ni mamaki. In ka leƙa ta taga kasuwa ce a bakin titi, mata da hijabi, maza da gemu, yawancinsu 'yan Bangaladash, ga babban masallaci kusa har ana jin kiran salla. Abin da ya rikita ni lokaci ne. Ka idar da azahar ka ɗan zauna sai la'asar, kafin ka naɗe sallaya magariba ta yi, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Kwanakin farko ina idar da isha'i nake neman wurin kwanciya, Ummi na dariya tana cewa ko abincin dare ba a ɗora ba.

Matar Yaya, Anti Memuna, 'yar zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana, tana aikin girki a wata makarantar yara. Mun sha gaisawa a waya amma ban taɓa zama da ita ba. Tana buɗe ƙofa ta rungume ni ta ce, "Hajiya, ka zaka lafiya? Ka gaji, zauna ka ci abinci." Na waiga in ga ko da wani namiji a bayana. Ashe Hausarsu ke nan, mace da namiji duk "kai" ne. Kafin mako ya zagayo ni ma na fara ce mata "kai", Yaya na cewa an aiko ni in gyara mutane ga shi an ɓata ni. Ta ciyar da ni shinkafa da wake irin nasu mai ja, da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, wanda na raina a cokalin farko na nemi ruwa a na biyu. Ni kuma na tuƙa musu tuwo miyar kuka. Yaya ya ci, ya suɗe kwano, ya ce a ajiye masa sauran na ɗumame.

Ranar ce kuma na yi abin kunya. Na ga gidan na warin daddawa, na ce bari in sa turaren wuta. Babu gawayi, sai na ɗora a murfin tukunya a kan murhu. Hayaƙi na tashi wata na'ura a silin ta ɗauki ƙara kamar za ta tsaga kunne. Na rasa inda zan sa kaina. Anti Memuna ta fito da tawul tana fifita na'urar, ga ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce maƙwabciyarsu, ta zo a firgice. Da ta ga babu gobara ta tsaya ta shaƙi ƙamshin, ta tambaya mene ne. Na ɗebar mata a takarda. Bayan ta tafi Anti Memuna ta ce shekara da shekaru suna ƙofa da ƙofa, ranar ce matar ta fara taka cikin gidan. Haka zamansu yake. Ku shiga lif ɗin hawa bene da mutum, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa ya kafa wa bango ido. Ni da nake gaida kowa sai kallona ake kamar zan roƙi wani abu. Karnukansu kuwa har riga ake sa musu.

Duk kwanakin nan saƙon Alhaji Garba na bakina na kasa sauke shi. Da na ɗauko zancen gida sai Yaya ya ce a ƙara masa shayi, ko ya tambaye ni wani abu daban. Ya san abin da ya kawo ni, ni ma na san ya sani.

Ana saura 'yan kwanaki in dawo ya ce ana bikin fitilu a tsakiyar gari, yana so ya je. Wai a tsakiyar hunturu, lokacin da duhu ya fi damun mutane, sai a rufe wasu tituna a ba masu fasaha su ƙawata su da haske, kowa ya fito ya kalla kyauta. Anti Memuna ta ce sam. "Mutane ya yi yawa, kai ba ka gani, za su ture ka." Ita tana da aiki da asuba, ƙafarta kuma na ciwo. Ummi ta ce za ta raka mu, daga baya ta bugo waya an riƙe ta a wajen aiki.

Yaya ya ce, "Memuna, wancan karon na ga rabi. Bana ban san abin da zan gani ba. Na gaba kuwa ba sai na faɗa miki ba. Ga Rabi nan, ita ce ido, ni ne hanya."

Ta ɗauko hularsa ta sanyi ta sa masa da kanta, ta naɗe ni da wata rigarta mai nauyin bargo, ta ja ni gefe ta ce, "Kar ka saki hannunsa."

Muka yi magariba muka fita. Bas muka hau, don ya ce shi ba zai shiga rami ba alhali ga titin da ya yi rabin rayuwarsa a kai. Yana zaune idonsa a rufe yana faɗa min inda muke tun kafin na'urar bas ɗin ta faɗa. Daga yadda motar ta karkata yake ganewa. Wani wuri direban ya taka birki da ƙarfi, Yaya ya yi tsaki ya ce yaran yanzu ba su san fasinja mutane ba ne.

A Bloomsbury muka fara sauka, unguwar jami'o'i, inda ya yi karatunsa. Ya tsayar da ni gaban wani tsohon gini ya ce a can sama ya yi haya, ɗaki mai sanyi kamar randa. Ya ce a lokacin akwai Turawa masu koyon Hausa a nan kusa, akan kira shi ya zauna su yi ta gaishe shi, "Ina kwana, ina gajiya," yana gyara musu. Ya ce ranar da kewar gida ta ishe shi, gaisuwar nan tasu ta karkatacciyar Hausa ita ke riƙe shi.

Daga nan muka shiga wani lambu da ke tsakiyar gidaje. An kashe fitilun titi na wajen. A cikin ciyawa an dasa ƙananan fitilu ba iyaka, kowace a kan ɗan siririn ƙarfe, launin ruwan zuma, suna kaɗawa in iska ta taɓa su. Mutane na bi ta tsakaninsu a hankali, ba mai ɗaga murya.

Ya ce, "Me ke nan? Ina ganin wani abu na motsi a ƙasa."

Na rasa yadda zan kwatanta masa, sai na ji bakina ya ce, "Yaya, kasuwar dare ce. Ta bakin tasha, lokacin da ba a kawo lantarki ba. Kowa da aci-bal-bal ɗinsa a gaban tire."

Ya tsaya cak. Ya ce, "Inna na daga ina?"

Na ce, "Tana can gefen mai tsire, inda ta saba."

Wanda bai san mu da can ba, Innarmu ɗanwake take sayarwa a kasuwar dare, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ni nake zagayawa da tiren dafaffiyar gyaɗa, Yaya Isiyaku na bina a baya da 'yar fitila don kar samari su dame ni. Muka tsaya a lambun nan muna ta jero mutanen kasuwar, mai shayi da rediyonsa, makauniyar da ke sayar da goro ba a taɓa cutarta ba, mai tsiren da ke ba mu kitse in kasuwa ta watse. Yaya ya kwaikwayi yadda nake talla da siririyar murya, na ce ƙarya yake min, ban taɓa yin haka ba. Duk wanda muka ambata sai mu ce Allah ya jiƙansa, don babu ko ɗaya da ya rage.

Muka gangara da ƙafa zuwa Aldwych, inda babban taron yake. Nan kam na ga abin da ban taɓa gani ba. Titi mai faɗi babu mota ko ɗaya, sai mutane maƙil. Wani ƙaton gini na dutse an haska shi ya koma kamar ruwa na gangarowa daga samansa, can ya rikiɗe ya zama daji, can ya zama kamar atamfa ana shimfiɗa ta. A sama ga wasu manyan tsuntsaye na haske an rataye, suna kaɗa fiffike. Na tuna yadda yaran unguwarmu ke ihu in an kawo wuta bayan kwana da kwanaki, ga wasu nan wutar ta yi musu yawa har wasa suke da ita. Ina ta ba Yaya labari, yana cewa, "Wane launi? Daga nan sai me?"

A nan na yi wautar. Na ce bari in ɗaukar muku hoto, ku ɗin nan masu tambaya. Na saki hannunsa na ciro waya, na ɗaga sama na bi tsuntsun nan da ita, na ɗan matsa gaba don in samo shi duka. Da na juyo babu Yaya. Taron ya tura ni wani wuri, shi ya tura shi wani. Na koma inda nake zaton mun tsaya, ban ma gane wurin ba, ko'ina hasken na canzawa, fuskokin mutane na zama shuɗi su zama ja. Na ce bari in kira shi, wayar ta yi baƙi a hannuna, sanyi ya cinye batirin. Ban haddace lambar kowa ba. Ban san bas ɗin da zai kai ni gida ba, ban ma san ta ina muka shigo ba. Ina ta kutsawa ina kiran "Yaya, Yaya," kiɗan da suka sa ya haɗiye muryata. Abin da ke raina kawai matakalar da muka wuce, da bakin titin can inda motoci ke gudu, da abin da zan faɗa wa Anti Memuna. Na jingina da wani ƙarfe ina salati.

Sai na ji wani abu ta ƙarƙashin kiɗan. Muryar tsoho ce, ya siranta ta, yana ja da ƙarfi:

"Ina masu gyaɗa! Mai gishiri ce, ta dahu!"

Tallata ce, da irin jan da nake yi mata ina yarinya. Na bi muryar ina ture mutane ba ko ban haƙuri. Na same shi tsaye a wata matsayar bas, ya kama ƙarfen da hannu ɗaya, ya ɗaga kai sama yana ta kwarara talla a tsakiyar Landan. Turawa sun ɗan ja baya sun ba shi fili, wasu har suna ɗaukar sa a waya, ina jin sun zaci yana cikin wasan. Na kama hannunsa na riƙe da hannu biyu.

Ya ce, "Na san Yaya da yawa ne a garin nan, amma mai gyaɗa ɗaya ce." Ya ce shi bai ɓata ba, yana jin na sake shi ya lalubo matsayar nan, ya san ta tun yana tuƙi. "Ke ce kika ɓata, Auta."

Da muka natsu muka bi layi muka shiga wata doguwar rumfa da aka yi da zallan fitilu farare, sama da gefe da gefe, haske kamar tsakar rana a watan azumi. Muna tsakiya ya ja ya tsaya. Ya juyo da ni, ya kama kafaɗuna ya matso da fuskarsa dab da tawa, yana karkata kai yana neman inda idon zai kama. Mutane na ratsa mu suna wucewa. Ya daɗe yana kallo, daga goshi zuwa haɓa, kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Ashe kin tsufa."

Na ce, "Da wa na bari?"

Ya ce, "Tun da kika zo muryarki kawai nake ji, sai nake sa mata fuskar da na sani. Yanzu na gan ki. Wushiryar tana nan. Sauran duk Inna ce."

Ni da ban yi kuka a filin jirgi ba, a rumfar nan na yi.

Muka samu wani ɗan shago muka zauna da shayi mai zafi a kofin takarda. A nan na sauke saƙon Alhaji Garba, yadda ya faɗa, ban rage ba. Yaya ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Durumin ƙofar gida yana nan?"

Na ce an sare shi da za a yi kwalbati.

"Zauren fa?"

Na ce an fasa an yi shaguna.

"Rijiyar Inna?"

Na ce an rufe ta, an yi ɗaki a kai. Na so in sassauta masa, amma na ga bai kamata in kai shi gida da ƙarya ba.

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Kin gani, a nan ƙafata ta san hanya. Daga ƙofata zuwa masallaci ba na neman kowa. Likitana na nan, Memuna na nan, matar da ta yi min wahala shekara da shekaru ba zan ce ta bar 'yarta ta bi ni inda ba ta san kowa ba. In na koma Zariya yau, baƙon makaho ne, sai an ja ni zuwa banɗaki a gidan ubana. Gidan da na sani kuma ba shi za ki kai ni ba. Wancan yana nan a kaina, da durumin da komai, ba wanda ya taɓa shi. Ki bar min shi haka." Sannan ya ce, "Ki ce wa Yaya Garba ya yafe min. Ba ƙin sa nake ba. Wallahi ba ranar da ba na jin muryarsa a kunnena."

Muka hau bas muka koma. Anti Memuna na tsaye a taga tana jira. Ta tambaya ko an samu matsala, muka haɗa baki muka ce lafiya lau. Sai da safe Ummi ta nuna mata wani ɗan bidiyo da ke yawo a waya, tsoho da hular sanyi yana tallan gyaɗa. Ranar na sha faɗa da Hausar Kumasi, duk da "kai" aka yi min shi.

Dawowa ba ta da labari, sai kukan rabuwa da Anti Memuna ta fara ta sa mu duka. Na sauka Kano, zafin rana ya dake ni na ji daɗinsa kamar ba ni ce mai ƙorafi da shi ba.

Washegari na je Tudun Wada. Alhaji Garba na zaune a kan buzunsa, ya sa an share ɗakin da ke kusa da nasa an sa sabuwar katifa. Ya dubi bayana kafin ya dube ni. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, har batun idon da aka ɓoye masa.

Ya ce, "Ba zai zo ba ke nan."

Na ce, "Ba zai zo ba, Yaya."

"Sai dai gawarsa."

Na ce ko ita ba za ta zo ba. Ya riga ya nuna wa iyalinsa maƙabartar Musulmi da yake so a can.

Alhaji Garba ya ci gaba da jan carbinsa. Mutumin nan ya haura tamanin, ban da aikin Hajji bai taɓa wuce Kaduna ba, kuma ban taɓa ganin ya sauka daga maganarsa ba. Na zaci faɗa zai yi, na shirya in sha. Can sai ya ce, "Kin ce da saura kaɗan a idon na dama?"

Na ce, "Kaɗan ne ƙwarai. Likita ma bai san ko zai kai baɗi ba."

Ya ajiye carbin. Ya ce, "To ki yi wa yarinyar nan Ummi waya, ta fara min ɗawainiyar bizar da ta yi miki. Kar a ɓata lokaci." Ya gyara zama, ya dube ni da gaske, ya ce, "Sanyin nan da kike faɗa, in na haɗa babbar riga biyu za ta isa?"